Henry Royce: Yaro Mai Tallar Jarida Da Ya Ƙera Motar Sarakuna

Duk wanda ya daɗe a Ikko ko Badun ko Fatakwal, da wuya a ce bai taɓa ganin wata doguwar mota ta gifta ba, mai hanci kamar ƙofar fada, da harafin R guda biyu a goshinta, tana tafiya ba a jin ƙarar komai sai ta tayoyinta. Ita ce Rolls-Royce. Mutanen Kano kuwa sun san ta tun tuni, don marigayi Sarki Alhaji Ado Bayero yakan fita cikin wata tsohuwarta. Amma ba kowa ya san cewa mutumin da ya ƙago wannan mota ta masu sarauta da masu dukiya da yunwa ya tashi ba. Tallar jarida ya fara yi a tashar jirgin ƙasa, kuma har ya bar duniya makanike yake kiran kansa. Sunansa Frederick Henry Royce. Ga tarihinsa.

Asalinsa

An haifi Henry Royce ran 27 ga watan Maris na 1863 a wani ƙauye da ake kira Alwalton, kusa da garin Peterborough a ƙasar Ingila. Shi ne auta cikin 'ya'ya biyar. Ubansa, James Royce, injin niƙan alkama yake riƙe da shi haya, amma sana'ar ta karye, dole ya kwashe ya nufi Landan neman abin yi. Can ma bai dace ba. Ya mutu a 1872, sa'ad da yaron yake da shekara 9.

Daga nan fa rayuwa ta yi wa Henry tsanani. Ya shiga sayar da jaridu a tashoshin jirgin ƙasa na Landan, sa'an nan ya zama masinjan gidan waya, yana yawon kai wa mutane talgiram a unguwar masu kuɗi ta Mayfair. Karatun da ya samu a makaranta kaɗan ne ƙwarai. Sau da yawa abincinsa na yini bai wuce burodi da madara ba, kuma masu rubuta tarihinsa suna ganin wannan yunwa ta ƙuruciya tana cikin abubuwan da suka raunana jikinsa daga baya.

A 1878 wata gwaggonsa ta ji tausayinsa, ta ɗauki nauyin biyan fam 20 a shekara don a karɓe shi ɗan koyo a lokon kamfanin reluwe na Great Northern da ke Peterborough. A nan ya koyi riƙon guduma da zarto da awon ƙarfe. Da dare kuma yana koya wa kansa lissafi da ilmin lantarki. Bayan shekara 3 kuɗin gwaggon ya ƙare, ya bar koyon bai kammala ba. Ya tafi garin Leeds ya sami aiki a wata maƙera da ke yin kayan aiki, ana biyansa sule 11 a mako, aikin awa 54.

Wutar lantarki

A zamanin nan wutar lantarki sabon abu ce. Royce ya koma Landan ya shiga wani kamfanin lantarki, yana zuwa makarantar dare bayan an tashi aiki. A 1882 aka tura shi Libaful don aikin sa fitilu a tituna da gidajen wasa. Ba a daɗe ba wannan kamfani ma ya durƙushe.

To, a 1884, yana da shekara 21, sai ya yanke shawarar tsayawa da ƙafarsa. Ya kawo fam 20 da ya tara, abokinsa Ernest Claremont ya kawo fam 50, suka kama ɗan shago a Manchesta. Da ƙananan kaya suka fara, irin su ƙararrawar ƙofa mai lantarki da mariƙin ƙwan fitila, a saman shagon kuma suke kwana. Sannu a hankali suka kai ga ƙera dinamo da injinan ɗaga kaya masu aiki da lantarki, waɗanda suka yi suna wajen ƙarko. A 1893 ya auri Minnie Punt, Claremont kuma ya auri 'yar'uwarta.

Tun a wannan lokaci halinsa ya bayyana. Mutum ne mai tsanani, ga kansa da ga ma'aikatansa. In ya ga aiki da ɗan aibi, ko da ba wanda zai lura, sai a warware a sake. Yakan manta da ci da barci, har ana ba da labarin cewa akan sa yaro ya riƙa binsa cikin ma'aikata da burodi da madara.

Bayan Yaƙin Bowa na Afirka ta Kudu, kasuwa ta faɗi, ga kuma kaya masu araha suna shigowa daga Jamus da Amurka. Abokan aikinsa suka so a rage ingancin kaya don a rage kuɗi. Royce ya ƙi. A 1902 kuma ciwo ya kwantar da shi saboda yawan aiki.

Motar farko

Cikin wannan hali ne ya sayi wata motar Faransa ta hannu, ƙirar Decauville, mai silinda biyu. Motar ba ta fi sauran na zamaninta muni ba, amma ƙararta da jijjigarta sun dame shi. Ya warware ta ɗaya bayan ɗaya, ya duba inda maƙeranta suka gaza, ya ƙudura zai yi wadda ta fi ta. Ya ware wani lungu a ma'aikatarsa ta titin Cooke, ya ɗauki 'yan koyo biyu, Eric Platford da Tom Haldenby, suka duƙufa dare da rana. Ran 1 ga watan Afrilu na 1904 motar farko ta fito, ya tuƙa ta har gidansa a Knutsford, tafiyar mil 15, ba ta tsaya ba.

Babu wani sabon abu na ban mamaki a cikin motar. Abin da ya bambanta ta shi ne kowane ƙarfe an auna shi daidai, an goge shi, ya zauna inda ya kamata, don haka ba ta ƙara kuma ba ta girgiza. Guda uku ya ƙera. Ɗaya ta faɗa hannun wani darektan kamfaninsa mai suna Henry Edmunds, shi kuwa yana da aboki a Landan mai sayar da motoci.

Wannan aboki shi ne Charles Rolls, ɗan wani babban basarake, Lord Llangattock. An haife shi a 1877, ya yi karatu a jami'ar Cambridge, yana tseren mota, yana kuma sayar wa manyan mutane motocin Faransa da na Beljiyam. Abin da ke damunsa shi ne rashin motar Ingila da zai iya sayarwa ba tare da jin kunya ba. Ran 4 ga watan Mayu na 1904 aka haɗa su a otal ɗin Midland da ke Manchesta. Rolls ba ya son inji mai silinda biyu, amma da ya tuƙa wannan sai ra'ayinsa ya sauya. Ran 23 ga watan Disamba na shekarar suka sa hannu: Royce zai ƙera, Rolls zai sayi duk abin da aka ƙera, sunan motar kuma Rolls-Royce. Ƙaramar cikinsu fam 395 ne kuɗinta.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Royce yana da basira, Rolls ya san masu kuɗi, amma akwai mutum na uku, Claude Johnson, wanda ya iya tafiyar da kamfani da tallata haja. A watan Maris na 1906 aka kafa kamfanin Rolls-Royce sosai, a 1908 kuma aka buɗe sabuwar ma'aikata a garin Derby, wanda hukumarsa ta yi musu alkawarin lantarki da araha.

Injin da ba ya ƙara

A ƙarshen 1906 aka nuna wa jama'a motar da ta kafa sunan Royce a duniya, wadda kamfanin ya kira 40/50. Ya kamata direbobi da makanikai su kula da yadda aka yi injinta.

Silinda shida gare shi a jere, an kasa su uku-uku, girmansa kuma lita 7 da ɗan kai, watau cc 7,036. Daga baya aka ƙara shi ya kai cc 7,428. Duk da wannan girma, ƙarfin doki 48 kawai yake bayarwa da farko, don a hankali yake juyawa, kamar sau 1,250 a minti ɗaya, alhali injin ƙaramar motar yanzu yakan haura sau 5,000. Inji babba mai juyawa a hankali ba ya wahala, ba ya ihu, ba ya saurin cinyewa, kuma yana da ƙarfin ja tun daga ƙasa, har direba ba ya bukatar yawan canja giya.

Babbar matsalar inji mai silinda shida a wancan zamani ita ce karanshaf. Saboda tsawonsa yakan riƙa murɗewa yana jijjiga, wani lokaci har ya karye. Royce ya sha wannan wahala a wata motarsa ta farko mai silinda shida. Sai ya yi wa sabon injin karanshaf mai kauri, ya ɗora shi a kan boris bakwai, aka kuma huda cikinsa don famfo ya riƙa tura baƙin mai da ƙarfi zuwa kowane boris, lokacin da motoci da yawa watsa mai kawai suke yi a cikin inji. Kowace silinda kuma fulogi biyu gare ta, ɗaya yana samun wuta daga batir, ɗaya daga wata na'ura mai maganaɗisu da injin ke juyawa, don in ɗaya ta ƙi ɗayar ta riƙe. Wajen haɗa ƙashin motar, kusoshi masu noti da aka gyara wa rami daidai ya yi amfani da su maimakon kusoshin da ake dannewa da zafi. A Derby har wata na'ura aka kafa mai jijjiga mota dare da rana, don a ga abin da zai fara karyewa a gyara shi tun bai kai ga mai saye ba. Masu tallar motar sukan tsai da kwabo a gefensa a kan lagireto, inji yana aiki, kwabon bai faɗi ba.

Claude Johnson ya san cewa faɗa da baki ba ya sayar da mota. A 1907 ya ɗauki guda ɗaya mai lamba AX 201, ya sa aka yi mata fenti ruwan azurfa, aka shafe fitilunta da azurfa, ya raɗa mata suna Silver Ghost, watau fatalwar azurfa, saboda shirunta. Aka sa ta zirga-zirga tsakanin Landan da Glasgow dare da rana, ban da Lahadi, a gaban shaidu daga ƙungiyar masu motoci ta Ingila, har ta cika mil 15,000. Sau ɗaya ta tsaya ba da nufi ba, a mil na 629, domin makunnin fetur ya rufe kansa saboda gargadar hanya. Bayan haka ta yi mil 14,371 ba tangarɗa. Da aka warware ta aka duba, kayan da aka canja don ta koma sabuwa fam 2 da sule 2 da kwabo 7 suka ci. Daga nan jaridu suka soma kiranta motar da ta fi kowace a duniya, kamfanin kuma ya daina ƙera sauran, ya tsaya a kanta ita kaɗai har 1922. Jimlar da aka ƙera ta kai 7,874, ciki har da 1,701 da aka yi a Amurka. Sarakunan Indiya suna cikin manyan masu sayenta.

Maganar bodi

Wani abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, duk tsawon rayuwar Royce kamfaninsa bai taɓa yin bodin mota ba. Inji da giyabos da ƙashin mota da tayoyi da lagireto kawai yake sayarwa, a kan kuɗi kusan fam 1,000 a farkon zamanin Silver Ghost. Mai saye shi zai kai wa maƙeran bodi, irin su Barker da Hooper da Mulliner, waɗanda asalin sana'arsu ƙera keken doki ne na sarakuna. Su za su kafa firam na katako, su lulluɓe shi da gorar ruwa, watau alminiyam, su yi kujerun fata ko na ulu yadda mai ita ke so. Shi ya sa da wuya a sami biyu iri ɗaya. Waɗansu a buɗe suke, waɗansu a rufe da gilashi tsakanin maigida da direba. A na farko-farko ma, maigida yana ciki a rufe, direba yana waje ruwa na dukansa, kamar dai yadda aka saba da mai korar doki.

Wannan tsari ya riƙa jawo gardama. Mai kuɗi yana son ɗaki mai tsawo da zai shiga da doguwar hula, da katako mai nauyi, da akwatuna. Royce kuwa ya san kowane nauyi da aka ƙara yana rage gudu, yana ƙara shan mai, yana wahal da burki da taya. Don haka kamfanin yakan duba bodin da aka ɗora kafin ya tsaya wa motar. A 1930 Royce ya nuna irin abin da yake so da kansa: ya sa ma'aikacinsa Ivan Evernden ya zana wata salun mai sauƙin nauyi a kan gajeren ƙashin Phantom II, aka matso da kujerar baya ta zauna tsakanin tayoyin gaba da na baya, don kada fasinja ya sha jijjiga. Motar ta ci kyauta a gasar kyan mota a Biarritz ta Faransa, daga gare ta kuma aka samo ƙirar Continental.

Abin da ya zama tambarin kamfanin shi ne lagireto, wanda aka yi wa siffar gaban tsofaffin gine-ginen Girka, ana haɗa shi da hannu. Gunkin mace mai kamar fiffike da ke bisansa kuwa, wani mai sassaƙa, Charles Sykes, ya yi shi a 1911. Royce kansa bai cika son gunkin ba, don yana ganin yana tare wa direba hanya.

Shan mai

Mutane sukan ɗauka mai irin wannan mota bai damu da kuɗin fetur ba. Royce ya damu, don a wurinsa injin da ke ɓarnar mai injin ne da ba a gama gyara shi ba. Tun a 1906 Rolls ya ci tseren Tourist Trophy a tsibirin Man da wata motar Royce mai silinda huɗu, tseren da ƙa'idarsa ita ce a auna wa kowa mai, galan ɗaya don mil 25, wanda nasa ya ƙare a hanya ya fita.

Babban gwajin ya zo a 1911. Kamfanin Napier, babban abokin gasarsu, ya tuƙa motarsa daga Landan zuwa Edinburgh da dawowa cikin giyar ƙarshe kaɗai, ta yi mil 19.35 a galan, ta kuma yi gudun mil 76.42 a awa a filin tsere na Brooklands. Rolls-Royce ya fito da tasa, wani saurayi Ernest Hives ya tuƙa ta a wannan hanya cikin giyar ƙarshe. Ta yi mil 24.32 a galan, watau wajen kilomita 8 da rabi a lita ɗaya, a Brooklands kuma ta yi mil 78.26 a awa. Inji mai lita 7 da rabi ke nan, shekara fiye da 100 da suka wuce.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kayan injin sun zauna daidai, don haka ƙarfi kaɗan ke tafiya wajen gogayya. Tafiya cikin giyar ƙarshe tana sa inji ya juya a hankali. Kafireton ƙirar Royce ne, da ɗan hannu a kan sitiyari wanda direba zai rage mai ya ƙara iska in inji ya yi zafi. Ga kuma bodi siriri marar nauyi. Da aka sake ɗora wa wannan mota wani bodi mai kujera ɗaya wanda iska ke zamewa a jikinsa, aka sauya mata giya, sai ta haura mil 101 a awa. Wannan ya nuna yawan ƙarfin da iska da nauyi ke cinyewa.

Sai dai a yi adalci. Motar gwaji ce, an shirya ta musamman. Babbar salun mai nauyi da ke yawo cikin gari ta fi haka shan mai nesa ba kusa ba. Fetur ɗin zamanin ma ba shi da kyau, don haka injin ba ya matse mai da iska sai kamar kashi 3 zuwa 1, alhali na yanzu sukan kai 10 zuwa 1, kuma yawan matsewar nan shi ke fitar da ƙarfi daga ɗigon mai. Saboda sanin cewa hannun direba yana da nasa rabo, kamfanin har makaranta ya buɗe ta koya wa direbobi tuƙi da kula da motar.

Ba kullum ake nasara ba. A 1912, a wata gasa cikin duwatsun Austriya, wata Silver Ghost mai giya uku ta kasa hawa wani tudu sai da fasinjoji suka sauka. Abin ya yi wa Royce ciwo. Ya koma ya yi giyabos mai giya huɗu, a 1913 motocinsa suka koma suka yi fice a gasar.

Ciwo da gudun hijira

Ran 12 ga watan Yuli na 1910 Charles Rolls ya faɗo da jirgin sama a Bournemouth ya mutu, yana da shekara 32. Shi ne Baturen Ingila na farko da ya mutu a hatsarin jirgi mai inji. Shekara guda bayan haka Royce ya faɗi ciwo mai tsanani, aka yi masa babban aiki a Landan, likitoci suka ɗebe tsammani. Aurensa ma ya watse a 1912, ba su sami haihuwa ba.

Claude Johnson ya ga in Royce ya koma ma'aikata zai kashe kansa da aiki, in kuwa ya mutu kamfanin ya mutu. Sai ya raba shi da Derby. Ya sa aka gina masa gida a Le Canadel, bakin teku a kudancin Faransa, inda zai riƙa cin sanyin hunturu, da bazara kuma ya zauna a kudancin Ingila, daga 1917 a ƙauyen West Wittering. Wata nas, Ethel Aubin, ta riƙa jinyarsa har ƙarshen ransa. Aka ajiye masa masu zane kusa da shi. Fiye da shekara 20 yana tafiyar da aikin ƙira daga nesa, ana aika zane da wasiƙu Derby, ana kawo masa sababbin motoci ya gwada. Wasiƙunsa na umarni sun yi yawa har aka tara su littafi don injiniyoyin kamfanin.

A wannan zama ne ya fito da ƙaramar mota mai suna Twenty a 1922, mai cc 3,127, domin bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya masu iya riƙe direba sun ragu. A 1925 Phantom ta gaji Silver Ghost, da inji mai cc 7,668 da bawul a sama. A nan ma akwai dabara. Harajin mota a Ingila a lokacin da faɗin silinda ake lissafa shi, don haka Royce ya rage faɗin ya ƙara zurfin: inji ya ƙaru, ƙarfi ya ƙaru, haraji ya ragu. Tun 1924 kuma aka sa wa motocinsa burki a tayoyi huɗu.

Jiragen sama

Da yaƙi ya ɓarke a 1914, aka ɗora wa ƙashin Silver Ghost sulke da bindiga, aka yi yaƙi da ita har cikin hamadar ƙasashen Larabawa. Royce kuma ya juya ga injin jirgin sama, ya ƙera Eagle mai silinda 12. Injinan Eagle biyu ne suka ɗauki Alcock da Brown suka ƙetare tekun Atlantika ba tsayawa a watan Yuni na 1919, karo na farko a tarihi. Wani injinsa mai suna R ya ci wa Ingila gasar Schneider ta jiragen da ke sauka a ruwa a 1929 da 1931, a shekara ta biyun kuma ya kai gudun mil 407.5 a awa. A 1930 Sarkin Ingila ya ba shi sarauta, aka koma kiransa Sir Henry Royce. A 1931 kamfaninsa ya saye kamfanin Bentley da ya karye.

Aikinsa na ƙarshe babba shi ne wani injin jirgi da ya sa aka fara a 1932 da kuɗin kamfanin, ba tare da jiran gwamnati ba. Shi ne ya zama Merlin, wanda ya ɗauki jiragen Spitfire da Hurricane da suka kare Ingila a 1940. Bai ga tashinsa ba, don an fara tayar da shi ne a watan Oktoba na 1933.

Mutuwarsa da abin da ya bari

Henry Royce ya mutu ran 22 ga watan Afrilu na 1933 a West Wittering, yana da shekara 70. Ana ba da labari cewa a daren ƙarshe ya tashi zaune a gado ya zana wani sabon shakazoba a bayan ambulan, ya ba nas ta aika Derby. An binne tokarsa a cocin Alwalton, ƙauyen da aka haife shi. A shekarar ne harafin R biyu na goshin motar suka koma baƙi daga ja. Mutane da yawa sun ɗauka makoki ne, amma an riga an yanke shawarar tun yana da rai, don jan ba ya dacewa da fentin waɗansu motoci.

Bayansa abubuwa sun sauya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aikin mota ya koma garin Crewe, a 1949 kuma Silver Dawn ta zama Rolls-Royce ta farko da ta fito da bodinta na ƙarfe daga kamfanin. A 1959 aka kawo inji mai silinda takwas, a 1965 Silver Shadow ta zo da bodi da ƙashi a haɗe. A 1971 kamfanin ya karye saboda kuɗin da wani injin jirgi ya ci, gwamnati ta karɓe shi, aka raba sashen mota da na jirgi. Tun daga 2003 kamfanin BMW na Jamus ke ƙera motocin Rolls-Royce a Goodwood, 'yan mil kaɗan daga gidan da Royce ya mutu, a 2023 kuma suka fitar da Spectre, mai tafiya da lantarki zalla, sana'ar da ya fara da ita.

Mutum ne da ya bar gida ba shi da komai, ya yi aikatau a garuruwan da ba nasa ba, sau biyu abin da ya dogara da shi yana rushewa tun bai kai shekara 22 ba. Ya samu ɗaukaka, amma ya biya da lafiyarsa da zaman iyalinsa, waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa kuma sun ɗanɗana tsananinsa. Shaidar aikinsa tana nan: da yawa daga cikin Silver Ghost ɗin da aka ƙera a zamaninsa har yanzu suna tafiya a kan titi, ciki har da AX 201 ta 1907.